Hannun Baba Alhaji

Laraba, bayan Asuba, a asibiti

Tana numfashi. Na kai kunnena kusa da bakinta na ji da kaina, don ban yarda da na'urar nan mai ƙara a gefen gado ba. Rahama tana numfashi. Alhamdulillahi.

Malam, maigidana, ya tafi gida ya sake kaya. Tun jiya rigar ofis ce a jikinshi, ƙirjinta duk ya yi baƙi wurin da ya rungume yarinyar. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Bara'atu, ki daure ki sa wani abu a cikinki." Na ce to. Ga kokon nan har ya yi sanyi.

Shekararta bakwai, amma a kan gadon nan, da robar iska a hanci, sai ta koma mani kamar ranar da na haife ta.

Abin da ya faru jiya ba zan rubuta shi ba. Ba yau ba.

Laraba, da La'asar

Likita ta ce hayaƙi ne ya yi mata illa a maƙogwaro da ƙirji, amma wuta ba ta taɓa jikinta ba. Na duba da idona, har tsakanin yatsun ƙafa. Babu ko ɗigo. Kitsonta ne kawai ke ƙauri.

Rahama ta farka ta buɗe baki za ta kira ni, murya ba ta fito ba. Ta sake gwadawa, shiru. Sai ta zaro ido tana kallona. Likita ta ce, "Maman Rahama, kwantar da hankalinki, muryar za ta dawo. Kada dai a matsa mata." Yarinyar da kullum ake roƙo ta yi shiru, yau ni ce ke roƙon Allah ta dame ni da surutu.

Alhamis, da hantsi

An cire robar iska. Ta sha rabin kofin shayi. Alhamdulillahi.

Alhamis, bayan Azahar

Masu jaje sai shigowa suke yi, kowa da nashi bayanin. Wani ya ce wuta aka kawo da ƙarfi. Wata ta ce garin katako ne da zafin rana. Wani ya ce gwangwanin folish ɗin shafa wa katako ne ya fashe. Su 'yan kwana-kwana sun gaya wa Malam ba lallai a taɓa sani ba. Ni dai na san na kashe injin kafin in fita. Na sani. Ina jin dai na sani.

Matar da ke jinyar ɗanta a gadon kusa da mu ta tambaye ni wace irin sana'a nake yi a gida. Na ce ina yanka sunaye a katako. Ta ce kamar yaya? Na buɗe mata hotuna a waya: sunan jariri da ake kafawa ranar suna, na ango da amarya da ake sokawa a kan kek, maratayin makulli mai sunan maigida. Na yi mata bayanin injin, cewa zartonshi siriri ne kamar tsinken tsintsiya, yana hawa yana sauka, ni kuma ina juya katakon ina bin layin rubutun da na manna a kai. Ta ce, "Kai, mace da wannan aiki! In an sallame mu sai ki yi wa yarona."

Na kife wayar.

Juma'a, da yamma

Na je gida ɗauko wa Rahama kaya. Tun daga bakin lungunmu na Ƙofar Marusa na fara jin warin. Ɗakunan kwana ba abin da ya same su. Ɗakin aikina ne. Babu ƙofa, kwanon rufin ya lanƙwashe ya faɗo ciki. Daga waje na tsaya.

Na hango injin a kan teburinshi, baƙi ƙirin. Falankan maɗacin da wana kafinta, Yaya Iro, ya kawo mani wancan makon sun zama gawayi. A ƙasa, cikin ruwan da ya kwanta, ga guntun wani suna, farkonshi ya ƙone. Na Ashraf ne, jaririn da aka yi sunanshi jiya ba tare da allonshi ba.

Tabarmar tana ƙarƙashin tebur. Abin da ya rage nata. Nan Rahama ke son kwanciya in ta dawo daga Islamiyya, wai ƙamshin katako na yi mata daɗi.

Na yi amai a bakin rariya, na wanke fuska, na kwashi kayan na fito. Ƙofar gidan Baba Alhaji a buɗe take, takalman masu dubiya sun cika bakin zaure. Na ja mayafi na wuce da sauri.

Asabar, da safe

Gara in rubuta wannan, ko na samu ya sauka daga ƙirjina.

Baba Alhaji ne ya fito da ita. Alhaji Babaji, maƙwabcinmu, wanda bangon zaurenshi ne bangon ɗakin aikina. Tsoho ne mai aikin hannu a wuyan babbar riga, irin wanda sai an yi watanni ana jira kafin layi ya zo kan mutum. Tun da na kafa injin nan ba mu shiri da shi. Ya ce ƙarar na shiga mashi har cikin haƙori, allura na kauce mashi. Ya yi wa Malam magana, ya yi wa liman, har wurin mai unguwa ya kai. Ni kuma na ce sana'ata ce, a gidan mijina nake yin ta. Gaisuwarmu ta koma "ina kwana", "lafiya", kowa na kallon gabanshi.

Ranar Talata ina GRA, na kai wa wata Hajiya Maryam samfurin aikin bikin ɗiyarta, wayata na cikin jaka. Rahama a sanina tana Islamiyya har kusan Magariba. Ashe an tashe su da wuri.

Ƙofar ɗakin ta ƙarfe ce. Ta riga ta yi zafi. Da hannu ya kama ta.

Duka biyun ne suka ƙone. Malam ya ce na hagun ya fi.

Lahadi, bayan Azahar

Malam ya ce in daure in je in gaishe shi. Na ce sai an sallame mu.

Litinin, da yamma, a gida

An sallame mu!

A cikin keke-napep ta kwanta a jikina tana nuna mani abubuwa da yatsa kamar baƙuwa a gari: mai lemo, raƙumin da ya tare hanya, wata mota da aka yi wa ado. Ni ko kallon abin da take nunawa ban yi ba, yatsan nake kallo.

Malam ya sa an toshe bakin ɗakin aikin da kwano don kada ta gani. Ta dube shi sau ɗaya ta wuce. Ta ci tuwo loma huɗu ko biyar, ta yi tari, ta yi barci a kan ƙafata. Ƙafar ta yi tsami amma ban motsa ba.

Tana gida. Tana numfashi. Tana gida.

Talata, da La'asar

Talata ce yau. Ko ƙofar gida ban leƙa ba.

Laraba, da hantsi



Tun da muka dawo kowa ya zo sai ya kawo zuma, wai tana gyara maƙogwaro. Safe zuma, rana zuma, a shayi zuma, a kunu zuma. Ɗazu na miƙa mata cokali, ta kawar da kai. Na ce, "Haba Rahama, daure." Sai na ji wata murya kamar ta tsohon kwaɗo ta ce, "Umma, na gaji da zuma. Awara nake so."

Cokalin ya faɗi. Na ce me kika ce? Ta ce, "Da yaji."

Na kira Malam a ofis, ban ce mashi komai ba, na kara mata wayar a kunne. Ta ce, "Abba." Sai ya ce, "Sake faɗa." Ta sake. Ya ce, "Sake."

Awarar ta samu. Yajin ne dai na hana, muka yi faɗa a kai. Faɗa da murya! Allah na gode maka.

Alhamis, bayan Magariba

Yaya Mahmud, wan Malam, ya zo. Bayan an gaisa ya gyara zama ya ce dama shi tun farko bai ga dalilin mace da aikin kafinta ba. Ga turare, ga atamfofi, ga kayan kicin, duk mata na yi suna samu, ba wanda ya taɓa jin atamfa ta tashi gida. Malam yana ta juya cokali a shayin da sukarinshi ya narke tun ɗazu.

Na ji bakina ya ce, "Gaskiya ne, Yaya. Na bari."

Shi kanshi bai zaci abin zai zo da sauƙi haka ba. Ya yi ta neman sauran maganar da ya shiryo, ya rasa inda zai sa ta.

Da ya tafi na rubuta a status cewa na dakatar da aiki, masu jiran kaya su yi haƙuri. Malam ya gani a wayarshi ya ce, "Ni fa ban ce ki bari ba." Na ce ai ba ka ce in ci gaba ba. Ya ce, "Jira nake ki daina zabura in an tada injin markaɗe a lungu, sannan mu yi magana."

Ashe ya lura.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Na dafa farfesun kaza na aika gidan Baba Alhaji. Matarshi Hajiya Dije ce ta dawo da kwanon da kanta. Ta ce, "Ya ci, ya gode. Amma ya ce in tambaye ki, halan ke ƙafa kika ƙone?"

Gobe.

Asabar, da yamma

Na je. Na riƙe hannun Rahama kamar ita ce za ta kare ni.

Yana tsakar gida a kan kujera, hannu biyu naɗe da farin bandeji an ɗora su a kan matashi. Hajiya Dije na ba shi fura a baki da ludayi, yana sha yana ɓata rai. Na durƙusa daga nesa.

"Baba, ina wuni. Ya jiki?"

"Lahiya lau. Jiki da sauƙi. Ya maigidan? Ya mai jiki? Ya muka ji da wannan abu?"

Na ce da godiya. Daga nan maganar da na kwana biyu ina shiryawa ta gudu. Sai hawaye.

Ya ce, "To, kuka kika zo yi mani? Hajiya, ba ta furar nan ta sha, ni na ƙoshi."

Rahama ta saki hannuna ta je gabanshi ta tsaya tana kallon bandejin. Ta ce, "Baba Alhaji, da zafi?"

"Da zahi mana. Ke kau nauyi gare ki kamar buhun gero. Mi uwarki ke ba ki?"

Ta yi dariya da muryar kwaɗonta. Shi ma ya so ya yi, ya danne.

Ban tambaye shi ba, shi ya fara. Ya ce da hayaƙi ya tashi mutane suka taru da bokitai, kowa na cewa ba kowa a gidan, matar ta fita, yarinya na makaranta. "Na ce masu tana ciki. Suka ce ya aka yi na sani? Ɗiyata, bangon nan naki ko tari kika yi ina ji. Na ji shigowarta. Na ji ta turo ƙofa. Na ji tana rera karatun Islamiyya, tana ɓata shi ma. Sannan na ji shiru. Da mutane suka tsaya gardama sai na bar su da gardamarsu."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai yi maganar ƙofar ba. Ni ma ban yi ba.

Na ce, "Baba, na bar aikin. Ba za ka ƙara jin ƙarar nan ba har abada."

Ya dube ni kamar na zage shi.

"Ni na ce ki bar sana'a? Cewa na yi ki ɗauke shi daga jikin bangona, kuma har gobe maganata ke nan. Kada ki zaci don na ƙona hannu na fara son injinki. Ba na son shi. Amma kada ki rataya mani barin sana'arki a wuya. In mai lahiyayyen hannu ya naɗe shi ya zauna, ni in ce mi?"

Na sunkuyar da kai. Can na ce, me likita ya ce game da hannun? Hajiya Dije ta kalli ƙasa. Shi ya ce, "Sai an kwance."

Da muka fito na ji kamar an sauke mani tulu daga ka. Rabin tulu dai.

Litinin, da hantsi

Yaya Iro ya zo da yaran shagonshi sun ɗauke injin. Shi ya fara koya mani riƙe zarto tun muna gidanmu, shi kuma ya raka ni sayen injin. Bai tambaye ni ba, ni ma ban hana ba. Ya ce zai buɗe ya gani ko da sauran rai.

Laraba, bayan Azahar

Hajiya Maryam ta kira. Na yi niyyar ƙin ɗauka.

Ta yi mani jaje mai tsawo, sannan muryarta ta canza. Ta ce tun da ta ji labarin ba ta samu sukuni ba, don ita ta tsare ni da hira ranar, har da cewa sai na ci abinci. Na ce Hajiya, ba ruwanki, abin da Allah ya rubuta ne. Ina faɗa mata sai na ji kamar da kaina nake.

Ta ce, "Na ga abin da kika sa a status. Ni dai ban ba kowa aikin bikin ɗiyata Saudatu ba. In kin yi, alhamdulillahi. In ba ki yi ba, bango ya zauna haka nan, ba shi zai hana aure ba."

Alhamis, da La'asar

Yaya Iro ya kira, ko sallama bai yi ba. Sai na ji ƙarar a waya. Zrrrr. Ya kara wayar a jikin injin.

Rahama da ke cin gyaɗa a gefe ta ɗago ta ce, "Umma, injinmu ne! Ya warke shi ma?"

Yaya Iro ya ce wayoyin ne suka narke, ya sake su, cikin ba abin da ya same shi. Ya ce akwai wani lungu a bayan shagonshi na Ƙofar Ƙaura, da taga, da ƙofa biyu, kuma ba zauren kowa a jikinshi. "In kina so. In ba kya so in sayar wa mai rabo."

Na ce kada ya sayar. Ban san lokacin da na faɗa ba.

Asabar, da yamma

Malam ya kai ni a babur. A tsakaninmu ga wata jar tukunyar kashe wuta da ya sayo, tana ta bugun gwiwata har muka isa. Da hannunshi ya kafa ta a bango, ya sa Yaya Iro ya karanta yadda ake amfani da ita da ƙarfi kowa ya ji.

Kafintoci suka bar aikinsu suka zagaye ni. Wani ya ce, "Oga, ita ce mai yankan suna ba rago?" Aka yi dariya. Yaya Iro ya kora su.

Na manna takardar sunan a katako, na huda cikin haruffa, na zura zarto, na ɗaure. Na kunna. Ban kai ƙarshen harafin farko ba zarton ya tsinke. Na sa wani, ya tsinke. Turawa nake yi da ƙarfi kamar ana kora ta. Yaya Iro ya leƙo ya ce, "Auta, katakon bai yi maki laifi ba. Bar zarto ya ci da kanshi."

Na kashe, na sha ruwa, na zauna na huta. Da na sake kunnawa, a kwanar harafin S na ji yatsuna sun tuna. Ba ni na juya katakon ba, su suka juya.

Da za mu tafi na share garin katako, na zare wayar injin daga bango, na sake sharewa. Mun kai titi na ce Malam ya juya in koma in duba. Ya juya. A zare take.

Litinin, da Magariba

Na gama sunayen na boko, Saudatu da Abbas. Na Larabcin ya fi daɗin yanka don haruffan riƙe suke da juna, ɗigon ne kawai sai an yanka daban an manna da gam. Yau sau ɗaya na koma duba wayar injin.

Laraba, bayan La'asar

An kwance wa Baba Alhaji bandeji.

Hajiya Dije ta shigo ta zauna a bakin gadona, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce na daman da sauƙi, babban yatsa da manuni suna motsi, zai iya riƙe allura. Na hagun ne. Fatar ta tattare, yatsun ba su damƙa. Kuma da hagun yake riƙe yadi ya ja shi ya miƙe, sannan allura ta shiga daidai. Likita ya ce a yi ta motsa su, wataƙila su saki, wataƙila kuma iyakarsu ke nan.

Ta ce ya sa ta ɗauko mashi wata riga da ya bari rabi. Ya gwada, yadin na zamewa. Ya gwada. Sai ya ce ta mayar cikin akwati, ya juya fuska bango.

Ban yi barcin rana ba, ban ci abinci ba. Rahama na tsakar gida tana tsalle da igiya, tana ƙirga da ƙarfi. Ina jin daɗin muryar, ina jin kunyar jin daɗin.

Alhamis, da safe

Bai fito zaure ba.

Juma'a, da safe

Yau ma.

Asabar, bayan La'asar

Na ajiye aikin biki, na yini a kan wani abu daban.

Tunani na yi, in hannu ba zai ja yadi ba, katako ya ja. Na yanka zobba biyu na maɗaci, faɗinsu kamar faifai, ɗaya ya shige cikin ɗaya, yadi ya matse a tsakani ya miƙe kamar fatar ganga. Na yi mashi ƙafa mai faɗi da zai danne da cinya, don kada ya buƙaci riƙewa. Na farko ya yi sako-sako. Na biyu ya tsage. Na uku ya zauna. Na gwada da gefen mayafina, Yaya Iro ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ce, "Wannan ai sai kiɗa."

Ban iya kai mashi da kaina ba. Na ba Hajiya Dije a bakin ƙofa na nuna mata yadda ake sawa. Ban kai ga shiga gida ba na jiyo muryarshi ta kan katanga: "Mi ne wannan? Ni amarya ce mai koyon ɗinkin matashi? Tun kahin a haihi uwarta nake aikin nan, ban taɓa sa riga a mari ba!"

To. Aƙalla muryar ta fito.

Talata, da yamma

Na kai aikin GRA. Rahama na tare da ni, ba na barin ta. Da aka kafa sunayen a bango amarya ta rufe baki da hannu, ƙawayenta suka yi ta ɗaukar hoto. Mata uku sun karɓi lambata. Hajiya Maryam ta ce mu tsaya mu ci abinci, sai ta kama bakinta, muka kalli juna, muka fashe da dariya. Muka ci kuwa.

A hanya na cire abin da na sa a status. Maman Ashraf ce ta fara yin magana, ta ce allon nan fa har yanzu suna jira, yaro ba ya tsufa da sunanshi.

Daga gidan Baba Alhaji shiru. Hajiya Dije ta ce abin yana saman akwati inda ya sa ta ajiye. Ban ƙara tambaya ba.

Alhamis, da hantsi

Ina ɗaura wa Rahama hijabi za mu fita, Hajiya Dije ta yi sallama. Zoben ne a hannunta. Na ce a raina shi ke nan, ya maido.

Ta miƙo mani fuskarta ba yabo ba fallasa. A gefe guda an ɗaura wani ɗan koren zare, ƙulli ƙarami, tsaf.

Ta ce, "Saƙo ne, kuma ya ce in faɗa maki yadda ya faɗa. Ya ce nan wurin da ya sa alama bai yi santsi ba, yana kama mashi zare. Ya ce wanda ya koya maki guga bai gama ba. Ya ce ƙafar ta yi tsawo, a rage kamar yatsa biyu." Ta ƙara da cewa, "Kuma ya ce kada ya wuce La'asar a wurinki, don rigar mutane ce a hannunshi."

Na shafa wurin da yatsa. Da gaskiyarshi, akwai kaushi.

Na kalli ƙullin na ce, Hajiya, wa ya ɗaura wannan?

Ta ce, "Ni dai ban iya irin shi ba."

Muka tsaya a tsakar gida mu biyu, tana share ido da gefen mayafi, ina yi da bayan hannu, Rahama na tambaya wa ya mutu. Na ce ba kowa, ɗauko mani jakata, mun makara.

A bakin zaurenshi na rage tafiya. Yana zaune a kan buzunshi, tabarau a karan hanci, riga a cinya, yana jira. Na durƙusa na fara gaisuwa, ina kwana Baba, ya ƙarfin jiki, ya...

Ya ce, "Lahiya lau, lahiya lau. Tahi, ɗiyata. Rana na yi."